Bawul ɗin Babur ɗin Yaya Ɗanladi

Zandam, ta Gwaram,
12 ga Yuni, 1975.

Zuwa ga Yaya Ɗanladi a Apapa,

Gaisuwa buhu goma cike maƙil daga babban injiniyan Zandam da kewaye, wato ni ƙaninka Barau, zuwa gare ka da iyalinka da maƙwabtanka da duk wani Bahaushe da ke Ikko, har mai shayin ƙofar gidanku, kowa ya ɗebi rabonsa. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku da ruwan teku, amin. Mu nan ƙalau. An yi ruwa mai kyau, gero ya fito. Inna dai ƙafar ce, likitan Birnin Kudu ya ce kar ta kuskura ta tsallake allurar ran Alhamis. Kai haƙuri da rubutun, hannun nan ya fi sabawa da sifana.

To Yaya, maganar babur ɗinka ce, wanda ka bar mana don kai Inna asibiti. Tun watan jiya yake wani kacau-kacau a cikin inji. Ina kasa kunne na ce cen ɗin taimin ne ya saki, wato sarƙar nan ta ciki da ke juya kamshaf don bawul ya buɗe a kan lokaci. Kawu Maikano ya ce in kai wa masu gyara a Kano. Na ce masa ni da nake farke injin niƙa in haɗa kafin la'asar, wa zai koya min? Nai saƙon sabon cen, aka kawo.

Kafin in cire tsohon sai da nai dabara, na sa alli na shata inda haƙoran da cen ke hawa suke, na sama da na ƙasa. Sannan na zuba kayan a kwano na wanke su fes da fetur, yadda na saba. Yaya, alli ya bi fetur. Na duba sama na duba ƙasa, ba ko ɗigo. Na ce ai ido ma awo ne, na ɗora cen yadda na ga ya dace, na ɗaure, na tara mutanen gindin tsamiya su zo su ga aiki. Na taka kik da ƙarfina duka. Sai ji nai ƙwas a cikin inji, kik ya tsaya cak, ƙafata ta yi tsami har ƙugu. Garin neman gira ke nan.

Da na sake kwancewa a tsakar gida, Hajjo matata tana kankare ƙwarya, ta leƙo ta ce wai wannan ɗan zoben da aka zana a jikin faifan haƙoran na mene ne. Na ce ado ne. Ta ce ita dai ko faifan rufe ƙwarya tana masa alama, balle Bature da ƙarfe. Na goge, sai ga zoben, ga kuma wata 'yar tsaga a kan inji daidai inda zai tsaya. Na leƙa maganeto, wato faifan ƙasa mai ba inji wuta, can ma ga layi da harafi kusa da shi, ga kuma tasa tsagar. Ashe ka kawo layin ƙasa daidai da tsagarsa, fistin yana can ƙoli, ka kawo zoben sama daidai da tasa, sannan ka ɗora cen. Haƙori ɗaya ka kauce, aiki ya ɓaci, ni kuwa na kauce da wajen biyar. Yanzu na saita shi, na juya da hannu sau biyu, alamomin sun dawo wurinsu. Duk ƙasar Gwaram ba mai saita taimin kamata, ka tambayi kowa.

Sai dai babur bai tashi ba. Fistin ya riga ya daki bawul na shan mai ya lanƙwasa shi, iska tana komawa baya tana fita ta kafireta, inda mai ke shigowa. Na mirgina shi a kan madubin Hajjo, yana tafiya kamar agwagwa. Na je Kano da kaina, kanti huɗu, kowa ya ce kayan suna cikin jiragen da suka yi layi a bakin ruwanku.

Alhamis ɗin da ta wuce a keke na goya Inna zuwa bakin titi, muka jira mota har azahar, muka isa an tashi daga allura. Ta dawo ƙafa a kumbure. Ba ta yi min faɗa ba, cewa kawai tai Allah ya shirye ni, wannan kuwa ya fi bulala zafi.

Ka gai da Yaya Kubra da su Safara'u da Balarabe. Inna da Kawu Maikano da Hajjo suna gaishe ku.

Ga lanƙwasasshen nan na naɗe a tsumma na ba Buba direba tare da takardar nan. Motarsa za ta juyo ran Litinin. Don Allah Yaya ka nemi irinsa sak ka ba shi ya taho da shi, in sa kafin Alhamis ta sama. Faɗan kuma ka ajiye sai ka zo da sallah, na yarda. Bawul ɗin dai, ka aiko.

Ni ne ƙaninka,
Barau Injiniya.