Mijinki da Gorar Dajin Wara

Zuwa ga 'yata Dorkas,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aikin asibiti a garin Kundiawa, yaya jikokina? Mamarki lafiya lau. Ni dai da sauƙi, za ki ji.

Kin ce in yi haƙuri da mijinki Filimon don ɗan birni ne. Na yi har ya ƙare. Mun shiga dajin Wara kwana uku saran gorar da za mu yi bututun jawo ruwa zuwa ƙauye, ya nace sai ya bi mu. Na miƙa masa adda, ya zaro wata wuƙa mai ƙyalli da ya sayo a birnin Lae, wai ta fi. Na ce a karkace ake saran gora. Ya ce, "Baba, na gani a waya." Guda bakwai ya farfasa.

Bukkar da ya kafa kuwa, ruwan farko ya kwantar da ita a kanmu.

Da yamma na cusa gwaza da naman alade a cikin gora na ɗora a wuta. Sai ya jefa ɗanyar gora wadda ba a huda ba a cikin wutar. Ta fashe kamar bindiga! Karnukanmu suka watse, abinci ya bi toka. Kawunki Bomai ya ce, "Suruki, gobe me za ka kashe mana?"

A hanyar dawowa na zame a bakin rafi, ƙafata ta karye. Bomai ya tsaya yana ta kururuwa, tsoho da shi. Mijinki kuwa ya durƙusa ya duba ƙafar. Ya ɗauki addata, ya sari gora a karkace, ya tsaga, ya ɗaure ƙafar da rigarsa. Suka haɗa gadon gora, suka ɗauko ni tun hantsi har faɗuwar rana. Kafaɗar mijinki duk ta saɓule, bai yarda an karɓe shi ba. Mai ɗori ya ce ba don ɗaurin nan ba, da sai an yanke.

Na gode masa a gaban jama'a. Kuskurena ke nan. Yanzu ya ce ba zai tafi ba sai na taka, kuma kullum shi ke dafa mini abinci, abincin da ko karnuka ba sa ci.

Dorkas, don Allah ki zo ki ɗauki mijinki.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Umba Kerenga