Muryar Dodon da Ke Cikin Littafin 'Yata Tawa Ce

Malama Azumi,

Ki taimake ni da shawara, don na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana a garin nan. Ban taɓa zaton zan rubuto wa fili irin naki ba. Da can ma ina cikin masu yi masa dariya. Shekarata saba'in da uku. Na koyar da adabi shekara talatin da biyar, na yi ritaya, yanzu ina zaune a Kafanchan kusa da tashar jirgin ƙasa, ina kallon ciyawa tana cinye taragun da na hau zuwa kwaleji. A zamaninmu mun ɗauka ilimi zai gyara ƙasar nan. Ɗaliban da na fi shan wahalar koya musu rubuta sunansu, su ne yau ke wuce ni da jiniya. Na faɗi wannan don ki san ni ba mutum ne mai daɗin zama ba.

Abokina Gershon, tsohon ma'aikacin reluwe, shi ya sa lambata cikin wani zauren WhatsApp na masu karanta littattafan ban tsoro, wai ko zan sami wasu in dame su da ƙorafi in bar shi ya huta. Na karanta kusan talatin, don kawai in sami abin kushewa, kuma na samu. Yawancinsu hanya ɗaya suke bi. Aljani ɗan sarki ya ga yarinya ya ce sai ita. Gida ne da ba kowa a ciki, ga madubi, ga mace mai dogon gashi, duk an kwaso daga finafinan wasu ƙasashe an sa musu zani da kallabi. Jini kuwa kamar a mahauta. In marubucin ya gaji, sai ya kira malami ko fasto a shafin ƙarshe, a yi addu'a, komai ya ƙone, a tashi. Aya da waƙafi ba ruwansu da su.

Amma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba. Na ga mai injin niƙa ta bar hatsi yana zuba ƙasa idonta na kan waya. Na ga mai sayen citta ya manta buhu a kan sikeli. A shekaru talatin da biyar ban taɓa sa aji guda ya gama littafi da son ransa ba, su kuwa waɗannan yaran sun sa mutane suna roƙon a ƙara musu shafi. Sun san inda za su tsaya su bar mutum da ƙishi. Wannan baiwa ce, ban kuwa koya wa kowa ita ba.

To, ga inda nawa ya shigo. Ina da 'ya, Jacinta, ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna. Tana da shekara goma sha huɗu ta kawo mini labarin da ta rubuta, na bi shi da jan biro, na rubuta a ƙasa, “An ɓata takarda.” Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake nuna mini komai ba. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu: Baba ina kwana, ya jiki, an sha magani? Ashe ta daɗe tana rubutu da wani suna. Watan jiya ta aiko mini da sabon littafinta, an buga shi a takarda an ɗinke, da ɗan rubutu a sama: “Baba, a duba mini.”

Sai na gane shi ne littafin da ake ta rigima a kansa a zauren. Wata ta rubuta, “Anti, mun kai shafi na arba'in ba aljani ba gawa, ko mantawa kika yi?” Wani daga Kasuwan Magani ya ce wannan ba labarin tsoro ba ne, hirar tsofaffi ce, a mayar masa da datarsa. Wata daga Kujama ta ce ita kam da rana tsaka ta karanta, amma sai da ta je ta zauna a shagon maƙwabciya don ta kasa zama ita kaɗai. Aka ce mata matsoraciya, ta ce eh ta ji, wanda ya isa ya karanta babi na tara ya dawo su yi magana.

Na ɗauki jan birona na zauna a gindin mangwaro bayan sujadar Lahadi. Sai na tarar labarin a kan dodo ne.

Wataƙila ba ki san shi ba. A ƙauyenmu, kafin coci ta yi ƙarfi, akwai wata murya da ke fitowa daga kurmi, wai ta kakanni ce. Mata da yara ba su da ikon ganin mai ita. In ta kira mace, sai ta durƙusa ta kifa fuska a ƙasa, ta amsa, ta kai abin da aka ce: giya, tuwon acca, wani lokaci akuya. Yau kowa ya san maza ne ke yi, fastoci sun daɗe da faɗa a wa'azi. Yadda ake yin muryar ne aka rantsar da mu ba za mu faɗa ba, kuma ke ma ba zan faɗa miki ba.

A babi na tara akwai wata gwauruwa da ta fara zuwa ajin karatu na mishan. Da almuru dodo ya zo bayan ɗakinta ya kira sunanta sau uku, ya ce ta daina, in ba haka ba, zai ɗauke mata ɗa. Tana durƙushe, sai ta ji wani ɗan fito siriri duk lokacin da dodon ya ja numfashi. Ta san wannan fito. Ta saurare shi a bayanta shekara biyu tana goyo. Ba ta ɗaga kai ba. Ta amsa yadda ake amsawa, jikinta ya yi rawa yadda ake so ya yi. Washegari ta shirya abincin dodo, ta ɗora ɗan ƙoƙo a gefe, da ruwan citta da zuma, don sanyin kurmi ba ya yi wa ƙirjin yaron kyau.

Malama, yaron nan ni ne. Ina da shekara goma sha biyar, ba a daɗe da shigar da ni cikin maza ba. Mahaifina ya rasu, wansa Baba Kambai ne ke riƙe da gidan. Shi ya ce a gwada ni a kan mahaifiyata, a ga ko na zama namiji. Na je na yi, na dawo ina jin kaina. Na tuna ƙoƙon. Baba Kambai ya ɗanɗana ya tofar, ya ce matar nan tsoro ya ruɗa ta har ta kawo wa kakanni maganin mura. Aka yi dariya, aka miƙo mini, na shanye. Shekara hamsin da takwas ban sake tunaninsa ba.

Mahaifiyata ba ta koma ajin ba. Ta tsufa kafin ta yi baftisma, kuma har ta mutu da babban yatsa take sa hannu. Ni da na koya wa dubbai karatu. Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Jacinta ce ke zuwa hutu wurinta, ita ke yanke mata farce, suna hira da yarenmu, ni ina ɗaki ina makin jarrabawa.

Abin da ban iya bayyana miki shi ne yadda yarinyar nan ta rubuta shi. Babin shafi tara ne, ba ta sa kalmar tsoro ko sau ɗaya ba. Ba jini, ba ihu. Mace ce kawai a durƙushe tana sauraron numfashi, amma tsigar jikina ta tashi, na ji ƙasa mai sanyi a goshina. Na karanta manyan littattafai a kwaleji, na haddace su, na ci jarrabawa da su, ba wanda ya taɓa yi mini haka. Kuma da Hausa, wadda ni da ita a kasuwa da coci muka tsince ta. Ban san Hausar tana iya ɗaukar wannan nauyi ba. Ban san a gidana aka haifi mai irin wannan hannu ba. Na zauna har inuwa ta bar ni, rana na dukana, na kasa tashi.

Littafin yana da rauni, ba zan ɓoye ba. Farkonsa ya yi jan ƙafa, akwai wata tsohuwa mai mafarki da ba ta da aiki a ciki, kurakuran rubutu kuwa sun cika takarda huɗu. Wani mai karatu kuma ya ce babban aibinsa shi ne yaron bai taɓa ganewa ba har labarin ya ƙare, wai marubuciyar ta yi ragwanci. Wannan sharhin ya fi kowanne yi mini ciwo.

Nan da mako biyu Jacinta za ta zo sujadar godiya ta kaka a cocinmu, kwana biyu za ta yi. Zuciya ɗaya tana ce mini in miƙa mata takardun gyara in ce ta yi ƙoƙari, kowa ya riƙe mutuncinsa. Wata tana cewa in faɗa mata. Amma akwai rantsuwa, ko da yake waɗanda suka rantsar da ni duk sun mutu, ni kuma dattijon ikilisiya ne yanzu. Wani lokaci ma haushi nake ji: in ta sani, me ya sa ba ta fuskance ni ba, sai ta baza ni a wayoyin mutane? Ina tsoron in buɗe baki in rasa ko 'yar gaisuwar da ta rage. Yaya zan yi?

Tsohon Malami, Kafanchan.

AMSA

Baba Malam, barka da ƙoƙari. Rubuta wannan wasiƙa ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ka faɗa kan littattafan ban tsoro na yarda da rabinsa. Aron kaya ya yi musu yawa, ƙarshensu kuma sau da yawa na gaggawa ne. Amma masu neman aljani da jini ba su yi laifi ba. Mutum ya wuni yana fama, yana son tsoron da zai rufe waya ya bar shi a ciki. Na 'yarka irin wanda ke bin mutum har gida ne, shi ya sa wasu suka ƙi shi, wasu suka kasa ajiye shi. Duka biyun suna da masu karatu.

Yanzu maganarka. Haushinka yana da dalili, ba wanda ke son ya ga sirrinsa a hannun baƙi. Sai dai ka duba da kyau. Ba ta sa sunanka ba, ba ta sa nata ba, ba ta ambaci ƙauyenku ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai karanta babin nan ya gane kansa, shi ne kuma wanda ta buga wa a takarda ta aika masa. Wannan bai yi kama da tonon silili ba. Ya fi kama da mai son magana da ta rasa ta inda za ta fara. Amma kada ka yanke cewa ta san komai. Mai yiwuwa kakarta ta ba ta labarin ne a matsayin na wata mata. Ka shirya wa duka biyun.

Batun rantsuwa kuwa, a kan yadda ake yin muryar ka rantse, ka ci gaba da riƙe abinka. Ba wanda ya nemi ka faɗi wannan. Cewa “ni ne” ba sirrin kurmi ba ne, tsakaninka ne da mahaifiyarka. Kuma kana da shekara goma sha biyar, manya suka tura ka. Wannan bai goge abin da ta rasa ba, amma kada ka ɗora wa yaro nauyin dattawa. Ita da abin ya shafa ba ta ɗora masa ba.

Ga yadda nake ganin za ka yi. Ranar farko kada takardun gyara su fito ko kaɗan. Ka sami lokacin da ba baƙi, ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, da kalmominka, ba tare da “amma” ba: cewa ka karanta, ka kasa tashi, ba littafin da ya taɓa yi maka haka. Ta shekara da shekaru tana jiran wannan, kada ka rage shi zuwa “kin yi ƙoƙari”. Sannan ka faɗi naka a taƙaice, ba kare kai, ba neman ta lallashe ka. In ta yi fushi ko ta yi shiru, haƙƙinta ne, ka bar ta. Kada ka ce ta sauya labarin ko ta janye shi, nata ne. Gyaran kuwa tana buƙatarsa, tunda ta nema. Ka ba ta ranar tafiya, tare da izinin ta watsar da wanda ba ta so.

Ban yi maka alkawarin komai zai gyaru cikin kwana biyu ba. Amma gaisuwar da kake tsoron rasawa ba ta ishe ka ba, ita ma ba ta ishe ta ba. Kuma akwai abin da ba ka lura da shi ba. Mahaifiyarka ta yi magana, ba da kai ba ne kawai. Duk abin da ta faɗa a lokutan hutun nan yana wurin mutum ɗaya, ba lalle ne duka ya shiga littafi ba. In ka gama naka, ka tambayi Jacinta me kuma Kaka ta ce, sannan ka yi shiru ka saurara har ta gama.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya kawo ta lafiya, ya sa ku yi zaman da kuka daɗe ba ku yi ba.

Malama Azumi