Waƙar Mai Keke a Bayan Shagon Tela

Zuwa ga Akawun makarantarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ka lura ban ce aminina ba. Da gangan na yi.

Ka zo gida an ce maka ba na nan. Ina nan, ta labule na ga tafiyarka. Na zaɓi takarda ne domin na san bakinka, idan na bari muka zauna sai ka tsara mini magana har in koma ina ba ka haƙuri.

Tun muna samari muke haɗuwa duk Asabar da rana a ɗakin bayan shagon Tela, ni da kai da shi da Mai Aski. Shinkafa da kifi a tire ɗaya, rikoda a kan teburin guga, kwali cike da kaset na waƙoƙin finafinan Indiya na da. Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, amma mun yi musu a kan waƙoƙin nan har jijiyar wuya ta tashi. Mu muka raɗa musu sunaye: waƙar ruwan sama, waƙar makauniya, waƙar mai keke. Kai kullum ka ce goge ne ran waƙa, ni in ce sarewa. A ɗakin nan na yi kukan rasuwar uwar ’ya’yana, ban ji kunyar kowa ba.

To ranar Asabar sai ga ka da baƙo, Mataimakin Shugaban makaranta, wai shi ma masoyin tsofaffin waƙoƙi ne. Mutumin da ko ganga da tukunya bai iya bambancewa ba! Na yi murna da shi kamar wawa, har na tura masa tsokar kifin da ke gabana. Wurin zamana kusa da rikoda yake, kowa ya sani. Ranar sai Tela ya ce in dawo kan kujera mai laushi can ƙarshen ɗaki, wai bayana ya huta.

Ka dube ni ido da ido ka ce, “Direba, a sa mana taka, waƙar mai keke.” Tela ya ɗaga kaset ya nuna mini, ya saka, ya danna. Na ga zaren yana juyawa. Na lumshe ido na fara buga gefen kujera da yatsu. Da aka zo wurin sarewa na yi fito, na ce wa baƙonka, “Ranka ya daɗe, ka ji yadda take shigowa? Yanzu ba a yin irin wannan.” Na bi waƙar baiti bayan baiti, har da girgiza kai.

Da na buɗe ido babu mai cin abinci. Mai Aski ya sunkuyar da kai yana ta juya cokali. Na tashi in je in ƙara murya, na ɗora tafin hannuna a kan rikodar yadda na saba. Ba ta motsi, Akawu. Ko ɗan kaɗawar nan da take yi a hannu babu. Zare na juyawa, murya a kashe tun farko. Ni kaɗai nake ta waƙa a ɗakin da ya yi tsit, a gaban mutumin da makullin motata ke hannunsa.

Litinin da safe aka ce in ajiye motar ɗalibai sai na kawo takardar likitan kunne. Motar da na tuƙa tun kana ɗaukar fayil a hammata. Idan kana ganin kunnena ya yi nauyi, me ya hana ka ja ni gefe? Sai da ka tara ni da baƙo a kan abinci ka kwance mini zani a kasuwa. Ka ci amanata, kuma raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi da kai ba.

Ka gaida Maman yara, ita ba ta yi mini komai ba.

Direba.

*

Zuwa ga aminina Direba,

Wa’alaikumus salam wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri a gare ka da ’yarmu Auta. Takardarka ta iso, na karanta ta a ofis, na kasa ƙarasa aikin ranar. Ni dai ba zan daina ce maka aminina ba, ko ka amsa ko kada ka amsa.

Ba zan musa abin da ka faɗa ba. Haka aka yi, kuma da sanina aka yi. Amma ka tambaye ni me ya hana in ja ka gefe. Na ja ka. A bakin ƙofar makaranta na ce maka, “Direba, ya kamata ka je a duba maka kunne.” Ka yi dariya ka ce ai taya sabuwa ce, ba ta buƙatar dubawa. Wata rana na maimaita a gabanka, ka ji sarai, ka ce idan na sake za ka daina gaishe ni.

Akwai abin da ba ka sani ba. A watan jiya, a mahaɗar nan ta kusa da gidan mai, tifa ta taho birkinta ya tsinke, direbanta yana ta danna hon tun daga nesa. Mutanen bakin titi sun watse. Yaran da ke bayanka suka yi ta ihu suna kiranka. Kai ka shiga mahaɗar hankalinka kwance, tifar ta wuce ta bayan motarka da abin da bai kai taku ba. Ka sauke yara ka tafi gida, har yau ba ka san an yi ba. Jikata tana kujerar baya. Kwana da kwanaki ba ta yarda ta shiga mota ba.

Iyaye sun kawo ƙara. Mataimaki ya so a sallame ka nan take, a rubuta ganganci. Na ce masa kai ba mai ganganci ba ne, ciwo ne. Ya ce shi bai ga alama ba, domin duk lokacin da ya yi maka magana kana amsa masa daidai. Gaskiyarsa, ka ƙware wajen karanta leɓe, ka rufe mu duka. Dole sai ya gani da idonsa kafin ya yarda a bi ta hanyar likita, ka fita da mutuncinka da haƙƙinka.

Na san hanyar ba ta yi kyau ba. Da kake fito ranar nan, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai dai ka sani ba ni na kawo dabarar rikoda ba, kuma na yi alkawari ba zan faɗi wanda ya kawo ta ba.

Ka huta lafiya. Allah Ya sanyaya zuciyarka.

Naka har kullum,
Akawu.

*

Akawu,

Salamu alaikum. Na gaishe ka.

Maganar tifa ta hana ni cin abinci. Idan haka aka yi, Allah Ya kiyaye gaba, kuma ka shafa mini kan jikarka. Amma ka ga abin da nake faɗa? Wata guda kana riƙe da wannan a cikinka. Asabar ta zo ta wuce, ta sake zuwa, kana zaune kusa da ni muna sa hannu a tire ɗaya, kana musu da ni a kan goge da sarewa. Kuma duk safiya kana kallona ina kwasar yaran mutane, har da jikarka, ka yi shiru kana jiran ranar da za ka shirya wasanka. Da ka rubuta mini maganar tifa a ’yar takarda ka miƙo mini, wallahi da kaina zan kai makulli. Kun ɗauke ni mutumin da zai zaɓi sitiyari a kan ran yara. Wannan ya fi na rikoda ciwo.

Wai ba kai ka kawo dabarar ba. To wa? Tela ba shi da wannan kan, mutumin da har yau yake saka kaset a juye. Mai Aski kuwa magana ba ta kwana a cikinsa, da shi ne da tun Laraba gari ya ɗauka. Wanda ya shirya wannan ya san dalilin da ya sa nake zama kusa da rikoda, ya san sai an raba hannuna da ita. Ko ku ban taɓa faɗa wa ba.

Ka faɗa mini sunansa, in san wanda zan daina gaisarwa.

Direba.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na turo wannan ta ƙasan ƙofa ne saboda tun ranar nan ba ka kallon fuskar kowa, kuma idan ba ka kalle ni ba, ba ni da hanyar yi maka magana.

Baba Akawu ya nuna mini takardarka. Ka daina zarginsa da dabarar. Ni ce.

Ni nake ganinka da safe kana ɗora hannu a kan rediyo kafin ka san ko a kunne take. Ni na ga butar shayi tana ta kuka a bayanka har ruwan ya ƙone kana karanta jarida. Baba Akawu ya zo ya gaya mini abin da ya faru a mahaɗa. Shi ya ce a faɗa maka kai tsaye. Ni na hana. Na ce idan aka faɗa maka za ka ce yara ne da ƙarin gishiri, ka yi fushi, gobe ka sake hawa mota. Na san ka, Baba. Ranar da na yanko maka katin asibiti yaga shi ka yi, ka ce ba ka haifi wadda za ta mayar da kai kurma ba.

Na ce musu abu ɗaya ne ba za ka iya musawa ba, waƙoƙinka. Ka haddace su tun kafin a haife ni, da su ka yi mini reno bayan Mama. Na san ko babu sauti za ka bi su har ƙarshe. Ni na ce a canja maka wurin zama. Ni na zaɓi waƙar mai keke, domin na san a kanta kake lumshe ido. Baba Tela ya ƙi, ya ce shi ba za a yi wannan a shagonsa ba, sai da na yi masa kuka. Abincin ma ni na dafa na aika.

Baƙon ne ban san za a kawo ba. Na ɗauka ku huɗu ne kawai, ka gane da kanka a cikin abokanka, ka rufa wa kanka asiri. Da na ji har da Mataimaki, na je na sami Baba Akawu na faɗa masa maganar da ban taɓa faɗa wa babba ba.

Ban ce na yi daidai ba. Tsoro nake ji a kira ni wata safiya a ce in zo asibiti. Idan za ka daina gaisawa da wani, ga ni a gidanka. Amma don Allah ka ci abinci, na ga kwanon jiya ko buɗe shi ba ka yi ba.

’Yarka mai neman gafararka,
Auta.

*

Aminina Direba,

Sallama da gaisuwa. Na ji Auta ta faɗa maka. Kada ka riƙe ta, yarinya ce da tsoro ya kama. Kawo Mataimaki shawarata ce ni kaɗai, ban gaya mata ba, ban gaya wa su Tela ba sai da suka gan shi a ƙofa. A lokacin na ga kamar ita ce hanyar da za ta cece ka daga kora.

Asabar biyu ke nan muna zuwa shagon Tela mu zauna, ba wanda ya taɓa rikoda. Mai Aski ya ce shi ba zai ƙara zuwa ba idan babu kai. An ce akwai ’yar na’urar da ake sa wa a kunne, mutum ya ji har tafiyar agogo. Ka zo ranar Asabar mu yi maganarta. Ka zage ni a gabansu in ka ga dama, na cancanta.

Ina jiran amsarka. Ka huta lafiya.

Akawu.

*

Akawu,

Wa’alaikumus salam. Na gode da gaisuwa.

Na je wurin likita, Auta ta raka ni. Ya ce kunnen dama ya tafi, na hagu saura kaɗan. Na kai wa Mataimaki makulli da hannuna. Kun yi gaskiya, bai kamata in ƙara ɗaukar yaran mutane ba. Maganar mota ta wuce, na yafe. Auta ma muna cin abinci tare.

Amma ba zan zo ba. Tun da kunnena ya fara tafiya ban damu sosai ba, saboda waƙoƙin suna cikin kaina, duk lokacin da na so sai in lumshe ido su zo. Jiya na zauna ni kaɗai na jawo waƙar mai keke. Ina isa wurin sarewa sai na gan ku zaune kuna kallona. Na bar ta na jawo ta ruwan sama, na jawo ta makauniya, duk haka. Su kaɗai suka rage mini da nake ji, kuma yanzu ba na iya kai ko ɗaya ƙarshe.

Ka gaida Tela da Mai Aski. Ku kunna rikodarku.

Direba.