Abincin Kwabo

Ƙofar Kibo, Birnin Zariya,
5 ga Yuni, 1989.

Zuwa ga ƙanwata Lami,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ya ƙarfin jikin? Ina fata kun sauka Ibadan lafiya ke da ɗiyarki Talatu, kuma likitocin sun duba ki. Mu nan lafiya lau. Matata Ummukulsum tana yi miki sannu.

Bayan haka, maganar karen nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Yau kwana goma sha biyu ke nan da kika ajiye shi a zaurena cikin kwando, kika ce sunansa Kwabo. Ban musa miki ba a ranar, domin shekara ashirin da ɗaya rabonki da gidan mahaifinmu, ban so kalmar farko da za ki ji daga bakina ta zama a'a. Amma kin san inda kika kawo shi. Nan cikin birni ne, ba Wusasa ba.

Gwangwanayen abincinsa shida da kika bari sun ƙare tun ranar Talata. Na ba shi tuwon dawa da miyar kuka, irin wanda muke ci, ya sansana ya juya baya. Ummukulsum ta dama masa fura da nono, ya sha, ya wuni yana zawo. Na tambayi Bahago mafarauci abin da yake ba nasa karnukan, ya yi ta dariya, ya ce dusa da ƙashi, wai tun da yake bai taɓa jin an tambayi kare abin da yake so ba. To, nasa karnukan ƙatti ne. Wannan kuwa bai fi kyanwa ba.

Takardar da kika naɗe a cikin kwandon tana aljihuna. Da Turanci kika rubuta ta, ni kuwa bokona na yaƙi da jahilci ne. Akwai masu karantawa a unguwa, amma na kasa kai musu. Mutum da furfurarsa, wanda ke jan salla in liman ba ya nan, ya je ya ce a karanta masa abincin kare? Ki rubuto mini da Hausa, don Allah. Ya fara ramewa, kullum yana kwance yana kallon ƙofa.

Allah ya ba ki lafiya.

Ni ne yayanki,
Mika'ilu.

Ƙofar Kibo,
19 ga Yuni, 1989.

Zuwa ga Lami,

Ina gaishe ki, ina gaida Talatu. Ya jikin? Ban sami amsarki ba, sai dai Shehu direba, wanda ya kai ku, ya ce an sa ranar da za a yi miki aiki. Allah ya sa a tashi lafiya.

Na yi ɓarna, gara ki ji daga gare ni. Ranar Alhamis ɗin makon jiya aka yi suna a maƙwabta, aka aiko mana da kaza da ta ji albasa da yaji. Na ce a raina wannan kam ba zai ƙi ba. Na zuba masa romon da ƙasusuwan, ya cinye tas, har na ji daɗi na kira Ummukulsum ta zo ta gani. Washegari da safe na same shi a bayan rumbu yana kakarin amai, da jini a kashinsa. Na kira sunansa, ko kai bai ɗaga ba.

Ban tsaya tunani ba. Na ɗauke shi da hannuna, ni da ban taɓa taɓa kare ba tun da aka haife ni. Na sa shi a kwando, na ɗaure a bayan keke, na bi ta Ƙofar Doka zuwa wurin likitan dabbobi a Samaru. Duk wanda ya san ni a hanyar nan ya gan ni, yana kuma jin kukan da ke fitowa daga kwandon.

Likitan saurayi ne, sunansa Kabir. Ya ce tsinin ƙashi ne ya ji masa a ciki, ya yi masa allura, ya ƙara masa ruwa. Sai na ciro takardarki na miƙa masa. Ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Baba, ai layin farko ma abin da ya ce ke nan: kada a ba shi ƙashin kaza, kada a ba shi albasa." Kwana ashirin da uku maganar tana aljihuna, Lami. Girman kaina ne ya kusa kashe miki shi.

Yanzu na haddace. Shinkafa mai laushi da tsokar nama ko kifi da aka cire wa ƙaya, ba gishiri, ba yaji, ba mai. Dafaffen ƙwai jefi-jefi, da ɗan kabewa. Kaɗan-kaɗan sau uku a rana, saboda cikinsa ƙarami ne. Ban da nono, ban da goro ko da wasa. Ummukulsum ta ware masa tukunya da kwano, ta ce dahuwar dai ni zan yi. Ina yi.

A masallaci kuma magana ta tashi. Ranar Asabar liman ya yi tafiya, na matsa gaba da la'asar, sai Alhaji Sabo ya ɗauki takalmansa ya fita. Mutum huɗu suka bi shi. Da liman Malam Isma'ila ya dawo ya ce mini amana ce, in riƙe ta, amma in mayar da shi garka bayan gida. Na mayar. Jan salla kuwa na bar wa wani, ba wanda ya ce in bari. Shekara tara ina tsayawa a wurin nan, ba zan ɓoye miki ba abin ya yi mini ciwo.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Likitan ya ce sunan da ke saman takardar ba nawa ba ne, na Rahila ne, wato maƙwabciyarki ta Wusasa. Ashe kina da wadda za ta riƙe shi, wadda ta san kansa. Me ya sa kika kawo mini? Ni da ban je bikinki ba, ban je jana'izar mijinki ba? In horo ne, na karɓa. Amma ki gaya mini.

Yayanki,
Mika'ilu.

Ƙofar Kibo,
10 ga Yuli, 1989.

Zuwa ga ƙanwata Lami,

Gaisuwa da fatan kin sami sauƙi ko yaya ne. Wasiƙarki ta iso jiya ta hannun Shehu. Na ga rubutun Talatu ne, na gane hannunki bai iya riƙe alƙalami ba.

Na karanta sau uku. Kin ce kina so ki shiga gidan Baba sau ɗaya kafin a kwantar da ke, kika rasa dalilin da za ki zo da shi, shi ne kika ɗauko kwandon. Lami, gidan ubanki ne. Kina shekara bakwai aka kai ki asibitin Wusasa saboda ƙafarki, Goggo ta riƙe ki a can, kika tashi cikin addininsu na Kirista. Ba ke kika kai kanki ba. Ni ne babba, ni ya kamata in riƙa zuwa, tafiyar da ba ta kai awa guda a keke ba. Na bari har sai da kika nemi kare ya yi miki jagora zuwa zauren da aka raɗa miki suna.

Talatu ta ƙara layi biyu a ƙasa, ban sani ba ko ta karanta miki. Ta ce likitoci sun buɗe sun rufe, ba su iya cire komai ba. Allah ne mai rayawa, ba zan ce fiye da haka a takarda ba.

Kwabo ya tashi. Yana cinye shinkafarsa, jiya har ya kori zakaran Ummukulsum daga garka. Kin ce in mayar da shi wurin Rahila in ya dame ni. Na kai shi yau da safe, amma na mako biyu kawai, domin zan hau jirgin ƙasa ranar Asabar ta sama in zo. Rahila ta ba ni ruwa, na sha, ta buɗe mini gidanki na zauna a falonki. Na yi mata bayanin dahuwar tiryan-tiryan, tana ta murmushi, ta ce ba ta taɓa jin wanda ya san abincin Kwabo kamar ni ba.

Da na dawo gida Ummukulsum ta ce ba zan tafi hannu sake ba, Talatu ta rubuta cewa ba ki iya cin abincin can. Ta tambaye ni me kika fi so ta yi miki, wanda zai jure hanya. Dambun nama ne, ko alkaki, ko dakuwa? Lami, ban san abin da kike so ba. Ta tsaya da ludayi a hannu tana jirana, har ta gaji ta koma madafi.

Shehu zai juyo kafin in taso. Ki gaya wa Talatu ta rubuta, ko kalma ɗaya ce, da Hausa. Me kike so ki ci?

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ni ne yayanki,
Mika'ilu.