Tsutsotsin da Na Fito da Su daga Madani

Yaya Usman,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Sa'adiyya da yara. Yaya sanyin Masar, yaya ciwon ƙafarka? Mu nan Gadarif alhamdulillahi. Baba yana gonakin Simsim wurin yankan riɗi, ba ma ganinsa sosai.

Tsutsotsin alharinin nan da na gudo da ƙwansu daga Madani lokacin da yaƙi ya kore mu, ciwo ya shige su. Sun daina cin ganyen zurma, jikinsu ya saki, suna ta mutuwa. Su kaɗai suka rage mini daga binciken da muka fara tare. Inna ta same ni ina hawaye, ta ce, "Ya binti, 'yata, mutane sun rasa gidaje, ke tsutsa kike wa kuka?"

Wata mai awon jini a kasuwa ta bar ni na yi amfani da madubin awonta mai nuna ƙwayoyin cuta. Na ɗiga jinin tsutsa guda, sai ga ƙwayoyin jininta sun taru a kan ƙwayoyin cutar, wasu suna haɗiye su, wasu sun kewaye su har sun zama baƙin ƙullutu. Abin da muka daɗe muna nema ke nan! Na waiga in ce ka zo ka gani, sai matar kawai na tarar, tana shan shayinta.

Kaɗan sun tsira, har sun fara saƙa.

Ka gaishe da mutanen gida, ku sa mu a addu'a. In ka samu sarari ka kira ni, Yaya. Ina so in ba da labarin ga wanda zai gane shi.

Ƙanwarka,
Maryam