A Gadon Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya gajiyar aiki?

An yi min aikin bayan, Yaya. Likita ya ce ya cire abin da ke danne jijiyar, ya ɗaure ƙashin da ƙarfe. Wai nasa ya ƙare, saura nawa: in riƙa takawa kullum, ko daga gado zuwa ƙofa ne.

Ka san gidana a saman bene yake, don haka Inna ta ɗauko ni gida. Ɗakin Baba ta sa ni, kan gadon da ciwon baya ya kwantar da shi har ya rasu. Ko katifar ba a canja ba. Ramin da jikinsa ya yi yana nan, kuma abin da ya fi tayar min da hankali, ya yi min daidai.

Inna ba ta bari in ɗaga ko kofi. Ni ma tsoro nake, gani nake ina miƙewa ƙarfen zai ɓalle.

Ka gaida matarka da yara.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa. Ya jikin ƙaramin naka, zazzaɓin ya sauka?

Ka tambaya ko na fara tafiya. Ban fara ba. Mai koya min motsa jiki ta zo, ta duba ɗinkin ta ce ya warke sarai, amma ƙafafuna sun fara shanyewa. Ta ce wanda ya shekara da shekaru da ciwo, jikinsa kan saba da jin zafi, tsoro kuma ya ƙara ɗaure naman baya. Ta yi min tsiya wai malamar da ke tsawata wa aji guda ce tabarmar ƙofa ta gagara. Na yi dariya, ban tashi ba.

Ranar nan na juya, sai na ji nishin Baba a ɗakin, wannan mai ja a ƙarshe. Na waiga ina nemansa. Ashe daga bakina ya fito.

Jiya da hantsi Inna ta shigo da ruwan ɗumi, ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗata ta ce, "Malam, bari a juya ka." Muka kalli juna. Ta ajiye kwanon ta fita, har yamma ba ta dawo ba.

Ka yi min addu'a.

Taka,
Auta

Yayana abin ƙaunata,

Da fatan wannan ta same ku lafiya.

Na tashi, Yaya. Washegarin ranar da na rubuto maka na dafa bango na fito tsakar gida, gumi har tafin ƙafa. Inna na bina a baya hannu buɗe, tana roƙona in koma. Ban koma ba. Yanzu ina zuwa bakin titi, na koma gidana, ina hawa benen ina hutawa. Zafin bai tafi duka ba. Likita ya ce mun daɗe kafin a yi aikin, mai yiwuwa wani abu ya zauna min. Na yarda, tunda ina tsayawa gaban allo.

Ba don kaina na rubuto ba. Tun da na bar gidan, Inna ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Baba. Da na je na tarar da ita kwance tsakar rana, labule a sake. Wai bayanta ke ɗan ciwo. Likita ya duba bai ga komai ba. Na ce ta tashi mu taka zuwa ƙofa, ta ce in bari sai gobe. Goben nan ta yi yawa.

Ni auta ce, ba ta jin maganata. Kai take jin nauyi. Ka nemi hutu ka zo, don Allah kada ka ce sai ƙarshen wata.

Ƙanwarka,
Auta