Koren Layin Da Na Goge

Zuwa ga Nazeefa, sanyin idona, inuwar da nake gudowa in rana ta take, ruwan randar da ba na ƙoshi da shi,

Assalamu alaikum. Yau kwana tara ke nan da kika karɓi makullin motarki daga hannuna kika tafi. Kwana tara, Nazeefa! Wayarki tana shiga, ba a ɗauka. Jiya gwaggonki ta kira ni kan maganar katin ɗaurin aure, na amsa mata kamar mai tabbacin bikin yana nan, alhali ni kaina ban sani ba.

Bari in faɗi laifina da bakina. Da ofishinku ya tura ki Yola na mako biyu, kika bar mini motar marigayi Abbanki a gidana a Kurudu, sai zuciya ta raya mini in goge ta ta yi ƙyalli, in burge ki. Ni da ko keke ban taɓa wankewa da kyau ba! Na je wurin Yamusa mai kayan mota a Karu, ya haɗa ni da man goge fenti, da soso, da tsumma mai laushi, ya ja mini kunne: in fara wanke ta tas don kada yashi ya ci fentin, in yi aikin a inuwa, in ɗiga man kamar ƙwayar gyaɗa, kuma kada in danne hannu. Na bi maganarsa kamar karatun allo. Asabar guda na ɓata a ƙarƙashin mangwaro ina murzawa, kafaɗata kamar za ta cire, ina ta murmushi ni kaɗai ina hango fuskarki.

Sai na iso ƙofar direba, na tarar da wani koren layi, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Ya yi mini taurin kai, ni ma na yi masa. Na ƙara mai, na sake murzawa, har ya bi tsumma ya tafi, ƙofar ta koma fara sol ina ganin fuskata a ciki. Wallahi har kirari na yi wa kaina.

Ya rabin raina, me ya sa hannuna bai shanye ba a lokacin?

Da kika dawo, ba ki dubi ƙyallin ba. Kai tsaye kika nufi ƙofar, kika shafa wurin da yatsunki sau biyu, kamar mai laluben abu a cikin jaka. A nan na tuna. Ranar da cunkoso ya tsayar da mu a hanyar Karu muna cin gasasshiyar masara, ai kin ba ni labarin layin nan. Kin ce fentin get ɗin gidanku ne na Gwagwalada, kika gogi get ɗin da motar ranar da Abba ya fara koya miki tuƙi. Kin ce kin fashe da kuka, shi kuwa ya yi ta dariya, ya ce a bar shi, takardar shaidarki ce. Shekara shida yana hana masu wanki taɓa wurin. Duk kin faɗa mini, ni kuwa ina can ina kallon wushiryarki, kunnena yana wani gari.

Yanzu Abba ya rasu, an sayar da gidan, sababbin masu shi sun sauya get. Abin da ya rage miki na ranar nan shi ne layin, ni kuma na sa ƙarfina na share shi. Garin neman gira na rasa ido. Ba gogewar ce ta fi ci mini rai ba, a'a, rashin sauraron ne. Wace mace za ta miƙa rayuwarta ga mutumin da ta ba shi labarin mahaifinta ya bar shi ya zube a titi?

Na yi tunanin in nemo koren fenti in mayar. Amma ƙarya ce, yatsunki za su gane, kuma ba zan fara zama da ke da ƙarya ba.

Abu ɗaya na samu. Shekaranjiya na ɗauko bokitin da na wanke motar da shi don in zubar da kayan gaba ɗaya, sai na ga tsumman a ƙasa, ya bushe ya ƙandare, ashe ban wanke shi ba. Koren yana jikinsa, Nazeefa. Na zauna a bakin famfo na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Na naɗe shi, shi ne a cikin ambulan ɗin nan. Naki ne, ko kin yafe ko ba ki yafe ba.

In kuwa kin yafe, farin watana, ki zo ki sake ba ni labarin daga farko. Zan sunkuyar da kai, ba zan dubi fuskarki ba sai kin kai ƙarshe.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a mai da ni ƙasa,
Lukmanu